Jirgin Malam Ba a Jansa da Igiya

Tun da na dawo daga Amurka ƙafar mutane ba ta ɗauke daga ƙofar ɗakina ba. In na je suna a tare ni, in na je gaisuwar rasuwa ma sai wata ta matso ta raɗa mini, "Hajiya, wai da gaske kin shiga jirgin ruwan da ba ya shan mai?" Na faɗa har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ɗauka ya kai gaba sai ya ƙara nasa. Shekaranjiya a kasuwar Gaya na ji wata tana rantsuwa wai jirgin tashi ya yi sama da ni. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Saude, ina faɗa tana rubutawa, don ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Daga yau wanda ya tambaye ni, takarda zan miƙa masa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni Bakabiya ce, 'yar Sarkawa, a bakin kogin Kwara aka yanke mini cibi. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, a fito ya ƙare rayuwarsa, yana ƙetarar da mutane da buhuna. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba a taɓa ɗaura wa jirginsa igiya aka jawo shi gaɓa ba. In inji ya mutu sai ya ɗauki filafili ya tuƙa, ko da hannunsa zai fashe. A wurinmu wanda aka jawo wa jirgi da igiya, har jikokinsa sai an yi wa gori. Ku riƙe wannan, don a kansa duk labarin yake.

Autana Iliyasu yana zaune a wani gari da ake kira Greensboro. Aikinsa gyaran batiran motocin da ke ɗaga kaya a wani ƙaton sito. Shekara da shekaru yana haɗa jirgin ruwa a bayan gidansa, wanda zai yi tafiya da hasken rana kawai, kuma ya rubuta sunan ubansa a jikinsa. Mutanenmu na can sun yi masa dariya har sun gaji. Gaba-gaba wajen dariyar shi ne surukinsa, Alhaji Lawali, Bakatsinen Maraɗi mai shagon kayan miya, wanda ya raɗa wa jirgin suna akurkin Iliyasu. Da Iliyasu ya gama jirgin sai ya kira ni a waya ya ce, "Inna, ba zai taɓa ruwa ba sai kina ciki." To, wace uwa ce za ta ji haka ta zauna?

Na haɗa kaya irin na mai zuwa inda ba a san miya ba: kilishi, busasshen kifi, daddawa, yaji, da busasshiyar kuɓewa wadda na yanka da hannuna don tuwon ranar da za a sa jirgi a ruwa. Daga Gaya na shiga babbar mota zuwa Yamai. Kafin mu kai Doso ƙamshin daddawata ya cika motar, wani mai kwat ya yi ta toshe hanci. Na ce masa, "Ɗana, da ita aka raine ka." Ya sauke hannun.

Jirgin sama ba abin tsoro ba ne ga wadda ta ƙetare Kwara da damina. Abincinsu ne abin tausayi, kowane abu a ɗan kwanonsa kamar na wasan 'yar tsana. Banɗakin kuwa, in kin danna sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye ki, na fito ina riƙe da zanena da hannu biyu. A ƙasar Maroko muka canza jirgi. Nan na tarar da wata yarinya da keken guragu tana jirana, wai Iliyasu ne ya ce a tanadar mini. Raina ya ɓaci, na ce ƙafafuna biyu lafiya lau. Da na ga tsawon tafiyar da ke cikin gidan jiragen nan sai na zauna na gyara gyale, ana tura ni ina wuce mutane ina ɗaga musu hannu.

A jirgi na biyu Allah ya haɗa ni da Anti Memuna, 'yar zangon Kumasi, ita ma a Greensboro take zaune, tana aikin kula da tsofaffi. Hausarta duk namiji ce. "Mama, kai ya ci abinci?" Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, ashe da ni take. Amma mace ce mai kirki, ita ta zama bakina a New York, inda ake bincike.

Can ne wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata kamar ya ga uwarsa. Aka kai ni gefe, wani ma'aikaci ya sa safar hannu ya buɗe jakar. Kilishi ya fara ɗauka ya jefa a kwandon shara. Na ce wa Memuna ta gaya masa ko shi ya ci mana, zubarwa alhaki ne. Bai ci ba. Ya buɗe ƙullin daddawa ya sunsuna, ya ja da baya taku biyu, ya ɗaure ya mayar mini da sauri. Kifi ma ya bar mini. Sai ya zo kan kuɓewa, ya ga 'ya'yan da ke ciki, ya ce ba a shiga ƙasarsu da iri. Na ce wannan da ta bushe ƙayau, ko a aljanna aka shuka ta ba za ta fito ba. Ina ji ina gani ta bi kilishi. Ku lura, da mutumin nan ya bar mini kuɓewata, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba.

Iliyasu da matarsa Rakiya suka tarbe ni, muka wuce gidansu a McLeansville, can gefen gari. Gidaje a warwatse, babu katanga, babu mai leƙowa ya ce ina kwana. Gidan na katako ne, in kina tafiya yana amsa miki. Waje zafi mai danshi kamar bakin kogi, ciki kuma sanyi har sai na rufa da bargo da rana tsaka. Abin da ya fi ba ni mamaki ciyawa. Kowane gida ga ta kore shar, sai mutum ya hau wani ɗan inji ya aske ta ya zubar, ba akuya ba tunkiya. Na tuna yadda muke sayen harawa da rani.

Jirgin yana bayan gida a ƙarƙashin itatuwa, a kan abin jansa mai taya. Ba irin namu ba ne mai dogon ciki. Faffaɗa ne kamar dandamali a kan wasu dogayen ganguna biyu, da rumfa a sama, da kujeru kewaye. Iliyasu ya kama hannuna ya ɗora a kan rubutun da ke gefe ya ce, "Sunan Baba ne nan." Ban iya karatu ba, kuma ko na iya bakina ba zai faɗi sunan ba. Na shafa kawai. Tun daga ranar jirgin Malam nake ce masa.

Aka sa ranar Asabar ta sama. Ni kuma hankalina yana kan miya. Kuɓewar da Rakiya ke dafawa daga cikin ƙanƙara take fitowa, ba yauƙi ba ƙamshi. Ta kai ni Gate City, wani dogon titi da ba ya ƙarewa, shagunan kowace ƙabila a jere, na sayi ɗanya mai yawa, na zauna na yayyanka. Sai wurin shanya ya gagara. Ciyawa da raɓa, ƙasa da danshi, kurege kuma ya fi ɓeran kasuwa yawa da rashin kunya. Ina zagayawa sai na hango wasu manyan faranta baƙaƙe masu sheƙi, an jera su a kan ƙafafun katako a tsakiyar fili, inda rana ta fi bugawa. Na taɓa, zafi rau. Tsayinsu daidai ƙuguna. Na ce kai, Turawa sun iya gyara wurin shanya. Na shimfiɗa tsohon zane na baza kuɓewata, na ƙara da tattasai a na ƙarshen.

Iliyasu kan fita ina kan lazimi, ba ya dawowa sai bayan magariba, Rakiya ma aiki take zuwa. Ni kuma kafin raɓa ta sauka na kwashe kayana na naɗe zane. Kullum in ya dawo sai ya wuce wurin jirgi ya duba wani ɗan gilashi mai lamba, ya shigo yana sosa kai. "Batirin nan ba ya cika, ban gane ba." Ya canza wayar wuta, ya kwance wani akwati ya mayar, har ya kira kamfanin da ya sayar masa ya yi musu faɗa da Turanci. Ni ina gefe ina yi masa addu'a Allah ya tona asirin abin da ke hana shi.

Ranar Juma'a ya dawo da wuri daga masallaci. Ina tsaye ina juya kuɓewa sai na ji motsi a bayana.

"Inna, mene ne wannan?"

"Idonka bai gani ba? Miyar gobe ce."

"Tun yaushe kike shanya a nan?"

"Tun ranar da na yanka. Wuri mai kyau, Allah ya yi wa wanda ya ƙera albarka."

Ya zauna a kan ciyawa da rigarsa ta Juma'a, ya rufe fuska. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta kama shi har da hawaye. Da ya lafa ya ce waɗannan su ne sola, wato farantan da ke shan rana su aika wa batir. Daga rufin jirgin ya sauko da su don itatuwa sun yi masa inuwa. Ko ganye ɗaya ya rufe gefen faranti ƙarfinsa raguwa yake, balle zane da kuɓewa.

Na ce, "To ai sai ka gaya wa mutum. Mu ma muna da sola a Gaya, amma ɗan ƙarami ne a kan rufi, ba wanda ke kwantar da shi a ƙasa kamar tabarma."

Ya nuna mini yadda abin yake, na gane nan take. Batir randa ce. Farantan nan indararo ne da ke zuba mata ruwa kaɗan-kaɗan. Injin jirgi da duk abin da aka jona masa moɗa ne, kowa da girman tasa. Muka kwashe kuɓewa, muka goge gilasan tas. Sai hadari ya taso, aka yi ta ruwa har dare. Da safe randa ta ɗan wuce rabi, shi ke nan.

Rakiya ta ce, "Ka jona shi da wutar gida mana, kafin azahar ya ƙaru. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani. A ƙofar masallaci na faɗa, gaban Alhaji, cewa jirgin nan rana kaɗai zai sha."

Na ce, "Ɗan Malam ke nan." Ya yi lissafinsa ya ce rabin zai kai mu ƙarshen tafki ya dawo da mu, tunda farantan za su ci gaba da sha a kan rufi muna tafiya, muddin inji ne kaɗai ke ɗiba.

Ya mayar da farantan kan rufi, ya saka wani ƙarami mai naɗewa a ƙarƙashin kujera, ya ɗaura jirgin a bayan motarsa. Na ce, "Tsaya, ba jansa kake yi ba?" Ya ce na tudu ba ya cikin lissafi. Na yi tunani na ga gaskiyarsa.

Tafkin yana arewa da gari, ruwa kwance lumui, itatuwa kewaye. Alhaji Lawali ya riga mu isa, dogo da shi, cikin babbar riga mai aiki kamar mai zuwa ɗaurin aure, riƙe da wata jaka. Anti Memuna ma ta zo da tukunyar shinkafa da wake irin tasu, don na gayyace ta. Wata Baturiya mai tsaron wurin ta ce kowa sai ya sa rigar iyo, wata aba ja mai kumbura. Na ce a gaya mata na iya iyo kafin in iya tafiya. Ta yi murmushi ta ɗaure mini ita a kan leshina, na koma kamar kabewa. Ta ƙara da cewa rana na faɗuwa ake rufe ƙofa, jirgin da bai dawo ba kuma ita za ta je da nata ta jawo shi. Da Rakiya ta fassara mini na ce ba dai namu ba.

Jama'a, shigarmu ruwan nan. Iliyasu ya ce bismillah ya murɗa wani abu, sai na ga gaɓa tana ja da baya. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba warin mai. Ina jin ruwa yana shafar gangunan, ina jin kifi ya yi tsalle can nesa, ina jin tsuntsu. Rabon da in ji ruwa yana magana haka tun ina yarinya, kafin injuna su zo su toshe mana kunne. Ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba, har wasu masu kamun kifi suka waigo. Na yi wa Malam kirarinsa tun daga farko har ƙarshe, Iliyasu yana riƙe da sitiyari yana share ido da kafaɗa.

Alhaji Lawali ya ce, "Ashe akurkin yana tafiya. To ƙara masa wuta mu gani, ko iyakarsa ke nan?"

Kun san suruki. Iliyasu ko ido ba ya haɗawa da shi. Ya ce "To, Alhaji," ya ƙara. Jirgi ya ɗauka da gudu, iska tana kaɗa gyalenmu, muna ta shewa, har da ni, don daɗin ya ɗauke mini hankali. Can Alhaji ya buɗe jakarsa ya fito da buta da 'yan kofuna da rishon lantarki, tunda an hana hura gawayi a jirgi. Ya ga wurin jonawa ya jona. Memuna ta jona wayarta tana nuna wa Kumasi kaf ruwan Amurka, Rakiya ta jona tata, ga ɗan firji yana sanyaya fura. Moɗa ta ko'ina.

Muka sha shayin farko, muka ci abinci, muka kai ƙarshen tafki muka yi la'asar a cikin jirgi. Da aka juyo sai iska ta tare mu ta gaba. Na dubi ɗana na ga gumi a bayan wuyansa, alhali ba zafi. Na matsa kusa.

"Saura nawa a randar?"

Ya yi ƙasa da murya. "Ta kusa ƙasa, Inna. Rishon nan shi kaɗai ya fi inji sha. Gudun da muka yi kuma ya cinye na dawowa. In batirin ya kai wani wuri kashe kansa yake yi don kada ya lalace."

"In an cire komai fa?"

"In an cire komai, muka tafi a hankali, rana ta tsaya mana, wataƙila."

"To ka gaya masa ya cire."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe. "Inna, surukina ne. Yanzu ya ɗora na biyu."

Na dubi Rakiya, ta sunkuyar da kai, ubanta ne. Nan na gane abin da Allah ya kawo ni yi Amurka. Mu Kabawa da Katsinawa wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni, abin da zan faɗa wa Bakatsine ko sarki ne sai dai ya haɗiye. Na miƙe da rigar kabewata na je na fizge wayar rishon.

"Kai Bakatsine, bawana, tashi ka ba mutane wuri. Ku da ba ku san ruwa ba sai na buta, an ɗauko ka an nuna maka tafki za ka dafe mana shi a shayi?"

Ya ɗago yana dariya. "Bakabiya mai warin kifi, ke da kika shanya miya a kan injin ɗanki? Labari ya zo mini tun jiya. Mayar mini da wayata, ba a yanke shayi a na biyu."

"Yau an yanke. Sha shi da ɗumi-ɗuminsa, ko a Maraɗi ba kullum kuke samun sukari ba."

Na bi wayoyi na zare na zuba a gyalena. Memuna tana cewa, "Mama, bari ya yi sallama da ƙanwana," na ce Kumasi ba za ta gudu ba. Na sa aka kashe firji, na ce kowa ya shanye furar yanzu kafin ta yi tsami. Iliyasu ya rage gudu har jirgin ya koma tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ya ce rabin gudu ba rabin wuta yake ci ba, ƙasa da haka yake ci sosai. Amma rana ta karkata, lambar kuma ba ta daina sauka ba. Na tambayi filafili, aka miƙo mini wani ɗan abu kamar ludayin koko. Da shi za a tura wannan dandamali gaban iska?

Sai ga wani dattijon Bature a jirginsa mai inji, ya ga yadda muke rarrafe ya matso. Mutumin kirki, fuska a sake. Ya ɗaga igiya yana nuna mana. Alhaji Lawali ya daina dariya, ya miƙa hannu zai karɓa.

"Hajiya, a ajiye wasa. Akwai mata a jirgin nan, rana kuma ta yi ƙasa. Ba abin kunya ba ne."

Ni ma na ajiye wasan. Na ce, "Alhaji, leƙa gefen nan ka karanta abin da aka rubuta." Ya leƙa ya karanta a hankali. Na ce, "Mai sunan nan ya yi rayuwarsa a ruwan da ya fi wannan faɗi da fushi, ba a taɓa ɗaura masa igiya ba. Ba zan zo daga Gaya in zauna a ciki a fara yau ba. In ran wani na cikin haɗari ni da kaina zan karɓi igiyar. Amma dubi ruwan nan, ko kaza ba zai ci ba."

Ya tsaya da hannunsa a miƙe. Iliyasu ya ƙura wa sitiyari ido. Can Alhaji ya sauke hannun, ya ce wa Rakiya ta roƙi Baturen ya biyo mu a baya, in rana ta taɓa kan itatuwa ba mu isa ba, za a karɓi igiya ko Bakabiya ta yarda ko ba ta yarda ba. Na ce na yarda. Daga nan ya juya ga surukinsa, abin da Rakiya ta ce ba ta taɓa gani ba, ya kira sunansa ya tambaye shi kai tsaye.

"Iliyasu, me jirgin yake so?"

Ɗana ya amsa yana kallon ƙasa. "Alhaji, rana ta kwanta, rufin kuma a shimfiɗe yake, ba ta bugunsa sosai. Akwai ƙaramin faranti a ƙarƙashin kujera. Da za a sami mai riƙe shi ya fuskanci rana daidai, zai taimaka."

Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa ya ce, "Miƙo."

Wannan hoton ba zai bar idona ba har in mutu. Alhaji Lawali, mai cewa akurki, tsaye a bayan jirgi da rigar iyo a kan babbar riga, ya ɗaga faranti sama da hannu biyu kamar mai shiƙar gero, yana bin rana da shi. In jirgi ya karkata ya karkata. Iliyasu yana kallon lamba yana cewa, "Ɗan hagu kaɗan, Alhaji. Yawwa, ta tsaya." Memuna ta miƙe za ta taya shi, ya daka mata tsawa, "Matsa, inuwarki tana cin wutar." Wani guntun girgije ya zo ya tsaya a gaban rana, duka muka ɗaga kai muna yi masa magana kamar akuyar da ta shiga gona, har ya wuce. Ni ina tsakiya riƙe da gyalen wayoyi, ina cewa, "Ɗaga da kyau, bawana, yau ka yi aikin da aka saye ka dominsa." Yana cewa, "Bari mu sauka, Bakabiya, za ki sani."

Gaɓa ta yi ta matsowa kamar ba ta so. Muka hango mai tsaron nan ta fito tana kaɗa makullai, tana duban jirginta. Rana ta sauko dab da kan itatuwa. Wata 'yar fitila ja ta kama a gaban Iliyasu tana ƙiftawa. Saura kamar tsawon gora biyu mu taɓa katakon sauka, sai injin ya yi shiru. Baturen da ke bayanmu ya sake ɗaga igiyarsa. Na ajiye wayoyi, na ɗauki ludayin kokon nan, na durƙusa a gefe na soka shi a ruwa yadda Malam ke yi, na ja, na sake ja. Jirgin ya ƙarasa a hankali ya sumbaci katako.

Guɗar da na yi a nan sai da mai makullai ta dafe ƙirji. Baturen ya naɗe igiyarsa ya cire hula ya ɗaga mana. Alhaji ya sauke faranti, ya dafa kafaɗar Iliyasu ya ce, "Ubanka ya haifu."

A gida na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuɓewar nan da daddawa da busasshen kifi. Ban taɓa yin wadda ta kai ta yauƙi ba, dole, ranar jirgi guda ta sha. Alhaji da ƙyar yake kai loma baki don ciwon hannu, amma sai da ya nemi ƙari. Ya ce miyar nan ta ci masa shayi na biyu da na uku, don haka nasa kason ya fi na kowa. Kafin ya tafi ya tambaya yaushe za a sake fita, ya ce zai zo da shayinsa dafaffe a fulas, faranti kuma kada a ba kowa, ya riga ya gane hannunsa. Kafin in baro ƙasar mun fita sau da yawa, randa cike, har kifi na kama musu da ƙugiya.

Da zan taho Iliyasu ya sa mini ƙaramin farantin nan a jaka, da ɗan batirinsa. A New York ba wanda ya hana shi wucewa, kare ma bai kula shi ba. Yanzu yana tsakar gidana a kan turmi, yana kunna mini fitila yana cika wa rabin unguwa waya. Kullum da safe nakan goge shi da gefen zanena, in juya shi gabas, da la'asar in juya shi yamma. Wanda bai yarda da labarin nan ba ya zo ya gani da idonsa, ƙofa a buɗe take. Sai dai kowa ya zo hannu sake. Makon jiya na shiga ɗaki na fito na tarar wannan Malama Sauden da ke rubutun nan ta baza barkono a kansa. Da duk bokonta. Ta ce kada a sa wannan a takarda, na ce sai an sa.